Shanun Danmak a Ƙasar Bunaji: Daga Ina Yawan Nononsu Ya Fito?

A cikin shekarar 2023 aka buɗe wata babbar gonar shanun tatsa a Damau, cikin ƙasar Kubau ta Jihar Kaduna. Kamfanin Arla, masu madarar Dano, su suka gina ta, aka kuwa zuba mata karsana 216 waɗanda aka kawo daga ƙasar Danmak, irin shanun nan masu dabbaren baƙi da fari da a ke kira Holstin. A shekarar da ta biyo Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin sha'anin dabbobi. A cikin 2025 Ministanta, Alhaji Idi Mukhtar Maiha, ya bayyana cewa Nijeriya tana samar da madara wajen ton 700,000 a shekara, alhali abin da jama'a ke sha ya kai ton miliyan 1.6, kuɗin da ke fita waje domin cike giɓin kuwa ya kai dala biliyan 1.5 kowace shekara. Nufin Gwamnati, in ji shi, a riɓanya madarar gida cikin shekara biyar, kuma shigo da shanun waje yana cikin hanyoyin da aka ɗauka.

Maganar ba ta tsaya ga ofis ba, ta shiga kara. Dillalai sun san sunan Firisiyan da Holstin, attajirin da ya tara ɗan abin hannu ya kan yi sha'awar ya ɗaure biyu ko uku a bayan gari, maraƙi kuwa da zarar an ga dabbare a jikinsa sai kuɗinsa ya ɗaga. Dalilin a fili ya ke. Saniyar Danmak tana ba da fiye da lita 10,000 a shekara, watau wajen lita talatin kowace rana, alhali Bunajin da ke ruga, bayan maraƙinta ya sha, da ƙyar a ke samun lita ɗaya ko biyu a ƙwarya. Amma falke mai hankali ba ya sayen biri a sama. Kafin ya kwance bakin jakarsa ya kamata ya san inda wannan nono ya fito, ya kuma san ko abu ne da ke shiga jirgi ya taho tare da saniyar.

Shekara ɗari da hamsin da suka wuce saniyar Danmak ba wata abar a zo a gani ba ce. Abin da ya sauya ta ya faro ne daga wani ƙaramin gari mai suna Vejen, inda a cikin 1895 waɗansu manoma kaɗan suka haɗa ƙungiya, suka ɗauki ma'aikaci guda. Aikinsa ya riƙa zagaya gidajensu bi da bi, yana auna nonon kowace saniya, yana gwada yawan mansa, yana rubutawa tare da abincin da ta ci. Da shekara ta kewayo sai kowane manomi ya ga a takarda wadda ke biyan abincinta da wadda ke ci banza. Mai ci banza aka kai ta mahauta, 'yar mai albarka aka bar ta ta hayayyafa, bijimi kuwa ba a sake shi cikin garke sai an duba littafin uwarsa. Wannan tsari ya bazu cikin ƙasar, ya ƙetara zuwa sauran ƙasashen Turai da Amurka. Ma'auni da alƙalami da haƙuri, su ne asalin abin.

Don a gane yadda takarda ke ƙara nono, sai an san yadda gado ya ke tafiya a jikin dabba, kuma malaman da suka karanta ilmin rabon gado ba za su sha wuyar fahimta ba. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin saniya akwai zarurruka sittin, an jera su biyu-biyu, a kansu ne aka rubuta halayenta duka: launi, da ƙaho, da tozo, da girman hantsa, da jimrin zafi. Masana sun ƙidaya wajen ƙwayoyin gado 22,000 a kansu, sa'ad da aka gama karanta su a 2009. Maraƙi yana karɓar zare talatin daga ubansa, talatin daga uwarsa, watau nusufi da nusufi, babu ragi babu ƙari. Daga kowane kaka yana samun kimanin rubu'i, daga iyayen kakanni kimanin sumuni. Sai dai akwai bambanci guda da rabon dukiya. Nusufin da bijimi ke bai wa kowane ɗa ba zaɓaɓɓe ba ne, kamar ɗiban hatsi ne daga buhun da aka gauraya, shi ya sa 'yan uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, wata ta cika ƙwarya wata ta kasa. Kuma yawan nono ba ƙwayar gado guda ke riƙe da shi ba, ɗaruruwa ne, kowace da ɗan abin da ta ke ƙarawa. Saboda haka ba a gyara iri da tsalle ɗaya. Ana gyara shi ne da zaɓe, haihuwa bayan haihuwa, kowane zubi ya ɗara na baya da kaɗan, kuma abin da aka samu ba ya komawa.

Wuyar aikin tana wajen bijimi, domin shi ba a tatsarsa, ga shi kuwa shi ne rabin garke. Hanyar da Turawa suka bi ita ce a gwada shi ta wajen 'ya'yansa mata: a jira a haife su, su girma, su haihu, a auna nononsu a gidaje dabam-dabam, sa'an nan a yanke masa hukunci. Wannan ya kan ci shekara biyar ko shida. A farkon shekarun 1950 masana a Ingila suka gano yadda za a daskarar da maniyyin bijimi ya daɗe bai lalace ba, daga nan bijimi guda ya iya haifar dubbai a ƙasashen da bai taɓa takawa ba. A 2009 kuma Amurka ta fara auna darajar maraƙi tun yana jariri, ta hanyar duba alamomi wajen 50,000 a cikin gashinsa ko jininsa. Mai jin wannan zai ce ai an huta da littafi, amma ba haka ba ne. Alamomin ba su da ma'ana sai an gwama su da lissafin nonon dubban shanun da aka riga aka auna, kamar yadda baƙaƙe ba su amfanar wanda bai san harshen da aka rubuta da su ba. Da wannan aiki saniyar Amurka, wadda ke ba da wajen kilo 2,400 a 1950, ta haura kilo 10,000 a 2020. Shanun tatsar ƙasar sun ragu daga miliyan 25 da 'yan kai a 1944 zuwa miliyan 9 da 'yan kai, madarar kuwa ƙaruwa ta yi ƙwarai. Gyaran abinci da magani suna da nasu rabo a ciki, amma babban kaso na zaɓen iri ne.

Hanyar ba ta rasa ramummuka ba. A 1962 aka haifi wani bijimi a Amurka da a ke kira Cif, wanda 'ya'yansa mata suka yi fice wajen nono har kowa ya riƙa neman irinsa. Ya bar 'ya'ya mata 16,000, da jikoki mata wajen rabin miliyan. Sai a 2016 masana suka bayyana cewa yana ɗauke da wata ɓoyayyiyar illa, wadda ba ta nuna kanta sai maraƙi ya gaje ta ta wajen uba da ta wajen uwa gaba ɗaya, sa'an nan cikin ya zube. An ƙiyasta ɓarin da ta jawo a duniya ya kai rabin miliyan. Ribar nonon zuriyarsa ta fi wannan hasara nesa, shi ya sa aka daɗe ba a farga ba, amma makiyayin da ke ƙin barin bijimi ya hau 'yarsa ko 'yar uwarsa zai ce da ma ya sani.

To, wannan saniya da aka ƙera cikin shekara ɗari da 'yan kai, an ƙera ta ne domin ƙasar sanyi, mai ciyawa da hatsi da likita a kusa. Jikinta kamar murhu ya ke, gwargwadon nonon da ta ke yi gwargwadon zafin da ke tashi a cikinta. Da zafin gari ya wuce awo 25 ta kan fara rage ci, nono ya ja baya, ɗaukar ciki ya yi wuya, alhali a Kano da Sakkwato bazara tana haura awo 40. Ruwan da za ta sha a yini ya kan kai lita ɗari. Ba ta iya bin burtali, kaska da kirci da sammore kuwa suna kayar da ita inda Bunaji za ta kaɗa wutsiya ta wuce. Babban kamfani mai rumfa da fanka da rijiyar burtsatse da gonar masara da likita na kansa yana iya riƙe ta, kuma madarar da zai fitar alheri ce ga ƙasa. Amma shanun Nijeriya sun kusa miliyan ashirin ko sun fi, mafi yawansu a hannun makiyaya, kuma karsana ɗari biyu a cikin rumfa ba su sauya abin da ke cikin ƙwaryar ruga.

Sai a ce to a yi barbara, a sami ruwa-biyu. Wannan ba sabon tunani ba ne a Arewa. An kafa gidan binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, aka buɗe gonar dabbobi ta Shika kusa da Zariya a 1928, wadda ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa a 1976 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A wuraren nan biyu an shafe shekaru ana haɗa bijimin Firisiyan da Bunaji. Abin da aka gani ya yi daidai da abin da aka gani a Indiya da Gabashin Afirka, wanda Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara a 1987. Haihuwar farko, mai rabin jinin waje, ita ce mai daɗi: nononta ya kan riɓanya na uwarta ko ya fi, ta kan haihu da wuri, ga ta da sauran jimri. In aka sake kawo bijimin waje jinin ya kai kashi uku cikin huɗu, ƙarin nonon kaɗan ne, mace-macen maruƙa da ciwo kuwa su yawaita. In kuma aka haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu, sai gadon ya warwatse, wani maraƙi ya ɗauko raunin Turai ba tare da nononta ba, ƙarfin nan na haihuwar farko kuma rabinsa ya tafi. Mai sayen maraƙi don ya ga dabbare bai san a wane mataki ya ke ba, launi kuwa ba ya faɗin kome game da hantsa.

Akwai kuma abin da ke salwanta in barbara ta zama ta kowa da kowa ba lissafi. A 2020 masana suka karanta gadon shanu 172 daga iri 16 na Afirka, suka gano cewa shanun nahiyar gauraye ne na masu tozo, waɗanda asalinsu daga wajen Indiya ne, da marasa tozo da suka riga su zama, kuma babbar cakuɗuwar ta auku kimanin shekara dubu da ta wuce. Tun daga lokacin fari da ƙishirwa da cuta suke ta tankaɗe su. Rahaji mai doguwar ƙafa da ke cin zango mai nisa, da Bokoloji na ƙasar Sakkwato, da Kuri mai kumburarren ƙaho da ke iyo a tafkin Cadi, da Ndama ta ƙasar Gini wadda ke rayuwa cikin ƙudan tsando, kowanne amsa ce ga wata wahala ta ƙasarsa. Abin lura, Turawa da kansu jimrin zafi su ke nema. An gano wata ƙwayar gado mai sa gajeren gashi sumul a jikin shanun Senepol na tsibirin Santa Kuros, har a 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda da naman shanun da aka gyara wa wannan ƙwaya a ɗakin bincike. Abin da waɗansu ke kashe dukiya su dasa, Bunaji da shi aka haife ta.

Ƙasar da ta fi cancanta a duba ita ce Burazil, domin ita ma ƙasar zafi ce. Manomanta sun sayo shanu masu tozo da a ke kira Gir daga Indiya tun farkon ƙarni na ashirin. A 1985 suka kafa tsarin gwada bijiman Gir ta wajen nonon 'ya'yansu, irin na Turai sak, sai mai tozon ita kanta ta zama saniyar tatsa. Suka kuma haɗa ta da Holstin bisa ƙayyadadden lissafi, kashi biyar cikin takwas na Holstin, uku na Gir, suka tsayar da iri mai suna Girolando wanda hukuma ta amince da shi a 1996. Mafi yawan madarar ƙasar daga irin waɗannan ruwa-biyu ta ke fitowa. Ba su yar da mai tozo ba, gyara ta suka fara yi.

A kusa ma akwai shaida. A Tukunus, cikin ƙasar Filinge ta Jamhuriyar Nijar, tun shekarun 1950 a ke zaɓen shanun Azawak ana rubuta nasabarsu da nononsu, har saniyar tashar ta kan ba da wajen lita dubu a tatsar haihuwa guda, a cikin sahel, bisa ciyawar daji. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi kuwa labarinta na fatake ne. Fatarta ce aka riƙa jemewa ana ƙetara hamada da ita, Turawa suna saye a tashoshin arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko, suna yin bangon littattafai da safar hannu. Da ya ke masu saye sun fi ba da kuɗi a kan ja tsantsa, a zamanin Turawa aka riƙa dandaƙe bunsuran da ba ja ba, daga baya aka kafa gidan kiwon jar akuya a Maraɗi a farkon shekarun 1960. Farashi ya nuna hanya, kiwo ya bi. Ita ma Shika ta fitar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown a shekara ta 2000, bayan zaɓe na shekaru masu yawa a cikin zafin ƙasar.

Ba daidai ba ne a ce makiyayi bai san iri ba. Bororo suna kiran maraƙi da sunan zuriyar uwarsa, dattijonsu yana iya jero nasabar saniya kaka da kakanni kamar yadda almajiri ke jero salsalar malamansa, kuma su kan yi tafiya mai nisa don aron bijimin da suka yaba. Abin da babu shi ne ma'auni da kuma haɗa lissafi. Makiyayi ya san gwanar garkensa, amma ba shi da hanyar gwama ta da gwanar garken da ke Bauci ko Damagaram, bijimin da ya fi kowanne a lardi kuwa yana iya ƙarewa a mahautar Ikko ba wanda ya san abin da aka yanka.

Nan ne hannun 'yan kasuwa ya shigo, domin kara ita ma tana zaɓen iri, sai dai sau da yawa a juye. Maraƙin da ya fi saurin girma shi ke fara kai kuɗi, shi a ke fara ɗorawa a mota zuwa Kudu, ƙanƙamon da ba mai so shi ke saura a garke yana barbara. Saniya mai ciki ta kan shiga mahauta in rani ya tsananta, a yanka biyu a biya kuɗin ɗaya. Haka tumaki. Ragon Balami ko Uda mafi tsayi da faɗin ƙirji shi a ke warewa tun yana ƙarami a ɗaure a turke da dusa da harawa domin kasuwar Babbar Salla, kuma malamai sun san a mazhabar Malikiyya ragon da ba a fiɗiye ba shi ne a gaba wajen layya. Neman mafi kyau domin ibada ba abin zargi ba ne, gyaran kuwa mai sauƙi ne: ragon da ya yi fice a bar shi ya yi kaka guda cikin tumaki kafin a ɗaure shi, ya bar baya. Mai kiwo bai yi hasarar kome ba sai 'yan watanni, kuma shekara biyu gaba 'ya'yan ragon ne zai kai kasuwa.

Aikin Vejen ba ya bukatar jirgi ko kuɗin waje. Yana bukatar mutum mai amana wanda ya iya rubutu, da gwangwanin awo guda wanda kowa ya yarda da shi, da alama a kunnen kowace saniya, da zagaye sau ɗaya a wata. A ƙauyukan Arewa da rugage mai rubutun da jama'a suka amince wa shi ne malami, shi ke rubuta ranar haihuwa da bashi da wasiƙa, kuma ajami ya isa ya riƙe sunan saniya da na uwarta da na ubanta da mudun nononta. Wuraren tara madara da kamfanoni ke buɗewa kusa da makiyaya sun riga suna auna abin da kowace mace ta kawo domin biyan kuɗi. Ƙarin da ya rage shi ne a san daga wace saniya ya fito. Akwai cikas na gaske: makiyayi yana tsoron ƙidaya tun zamanin jangali, garke yana tashi da rani, kuma rashin zaman lafiya a dazuzzuka ya raba mutane da yawa da dukiyarsu. Ba mai rubuta nasabar saniyar da bai tabbata za ta kwana a hannunsa ba. Shi ya sa littafin ya fi kyau ya zauna a hannun ƙungiyar masu shanun, kamar yadda manoman Danmak suka riƙe nasu, ma'aikatar Gwamnati da Shika su taimaka da lissafi da rarraba maniyyin bijiman da suka ci jarrabawa.

Kafin a kai can, attajirin da dillali ya kawo wa karsana mai dabbare yana da tambayoyi huɗu da zai yi. Wane bijimi ne ubanta, kuma jinin waje kashi nawa ne a jikinta? Uwarta lita nawa ta ke bayarwa a wata na uku bayan haihuwa, wa ya auna? A ina aka yi renonta, a rumfa ko a sarari? Sa'an nan ya tambayi kansa ko yana da ruwa da angurya da dusa da ciyawar da za su kai ta daga Maris zuwa faɗuwar damina. In dillali ya kasa amsa ukun farko, kuɗin da ya dace da ita kuɗin nama ne, a kan wannan za a yi ciniki.